Na je Ƙofar Ruwa sayen masai iri ɗaya, na dawo da iri uku

Shekara shida ina tattala ginin gidana a Rijiyar Zaki cikin Kano, bulo ɗari yau, buhun siminti goma gobe, kuma a duk tsawon lokacin nan ban taɓa zama na yi tunanin masai ba. Na yi tunanin kwanon rufi, na yi tunanin ƙofofi, har launin tayil sai da muka yi sati biyu muna ja-in-ja da uwargida. Masai kuwa na ɗauka abu ne da za ka shiga kasuwa ka nuna da yatsa a ɗora maka a adaidaita sahu. Banɗaki uku ne a gidan: na ɗakinmu, na ɗakin Hajiya mahaifiyata, da na tsakar gida wanda yara da baƙi za su riƙa shiga. Niyyata in sayi na zama guda uku iri ɗaya, farare tas, a wuce wurin.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta min shagon. Yana cikin layin masu kayan famfo a kasuwar Ƙofar Ruwa, ba babba ba ne, gabansa ma ba ya ɗaukar ido, an jera masai a bakin ƙofa duk ƙurar hunturu ta mai da su ruwan ƙasa. Wanda ya san Ƙofar Ruwa ya san ba wajen zuwa da farar shadda ba ne. Ƙarar ƙarfe ta ko'ina, masu kura na ihun a ba su hanya, rodi na jan ƙasa a bayan mota. Na sami mai shagon, dattijo mai furfura a gemu, yana zaune a kan benci da rediyo a gefensa. Muka gaisa, na ce na zama nake so guda uku, nawa zai bar min.

Bai faɗi kuɗi ba. Cewa ya yi, "Malam, bututun naka ta ƙasa ya fito ko ta bango?"

Na ce wallahi Alhaji ban lura ba. Ya ce to inci nawa ne daga bango zuwa tsakiyar bakin bututun? Na ce wannan ma sai na tambayi birkila. Ya ce ruwan gidan fa, na famfon gwamnati ne, ko burtsatse, ko 'yan garuwa? Sannan akwai tsoho a gidan? Raina ya ɗan sosu, don ni da kuɗina a aljihu na zo, ba jarrabawa na zo ɗauka ba. Ya miƙo min tef ɗin awo daga aljihun rigarsa ya ce in je in auno in dawo, tef ɗin ma aro ne. Ya ƙara da cewa masai ba takalmi ba ne da za a dawo da shi idan bai shiga ba, da zarar siminti ya taɓa shi ya zama nawa.

A adaidaita sahu ina komawa gida ina cewa a raina wannan dattijo bai iya kasuwa ba. Da na auna sai jikina ya yi sanyi. Bututu uku, awo uku. Na ɗakinmu inci 12 daga bango, wanda shi ne awon da yawancin masai masu fitar ƙasa suke zuwa da shi. Na ɗakin Hajiya inci 8, saboda birkila ya binne bututun kafin a yi filasta da tayil, su kuma suka cinye tazarar. Na tsakar gida kuwa yana can kusan tsakiyar ɗaki. Da na sayo uku iri ɗaya a ranar, da biyu sai an fasa daɓe.

Washegari da na koma, Alhaji ya sa yaronsa ya kifa masai biyu a ƙasa ya nuna min gindinsu. A nan na fahimci abin da masu aikin famfo ke nufi idan suna cewa mai S da mai P. Mai S bakinsa ƙasa yake kallo, ƙazanta ta bi ta daɓe. Mai P bakinsa baya yake kallo, ta ratsa bango ta fita waje. Duka biyun akwai lanƙwasa a ciki wadda ruwa ke kwanciya, kuma wannan ɗan ruwan da kake gani a ƙasan masai ba ragowar wanki ba ne, shi ne murfin da ke tare warin sokawe da kyankyasai. Dabarar ta tsufa, tun 1775 wani mai gyaran agogo a Landan, Alexander Cumming, ya yi mata rajista, kuma har yau ba a sami abin da ya maye gurbinta ba. Duk wanda ya tashi a gida mai shadda a cikin birni, inda ake rufe bakin ramin da faifai ko murfin tukunya, ya san darajar wannan ɗan ruwan.

Maganar ruwa ita ce ta fi ɗaukar mu lokaci, kuma ita ce na fi so mai karatu ya riƙe. A unguwarmu famfo ado ne. Ina da burtsatse, amma sai an kawo wuta ko na tayar da janareta sannan ruwa ya hau tanki, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya kai zafi, ruwan kan ja baya mu koma hannun 'yan garuwa. Jarkar ɗan garuwa lita 25 ce. Tsofaffin masai irin na gidajen ma'aikata na da, masu tanki a sama da sarƙa, sukan zubar da lita 13 ko fiye a ja ɗaya, wato jarka guda ba za ta yi maka biyu cikakku ba. Na yanzu yawanci lita 6 ne. Masu maɓalli biyu a saman tanki, ƙarami da babba, suna ba da lita 3 don fitsari, 6 don babbar buƙata. A Ostareliya aka fara yin su a 1980, ƙasar da ita ma ta san fari. Ka yi lissafi da kanka: jarka ɗaya, babban maɓalli sau huɗu, ƙarami sau takwas. Mu tara ne a gidan. Kuma duk ruwan da ka zuba ba ɓacewa yake ba, sokawe yake tafiya, ita kuma ranar da ta cika sai ka kira motar kwasa ka biya.

Sai Alhaji ya kawo wani bambancin da ban taɓa ji ba. A cikin na zaman ma iri biyu ne. Akwai wanda ruwa ke faɗowa da ƙarfi ya tura ƙazanta ta wani maƙogwaro mai faɗi, kusan inci 4. Akwai kuma wanda ke zuƙewa, ruwan ya taru ya yi juyi sannan ya ja komai ƙasa da wata ƙara kamar an tsotse, shi maƙogwaronsa siriri ne, wajen rabin na farkon. Na biyun ya fi kyan gani, ya fi shiru, ruwan da ke kwance a cikinsa ya fi yawa don haka bai cika ɓaci ba. Amma ya ce min, "Malam, wannan ɗan gata ne. Gidan da ruwa ba ya yankewa yake so. Ranar da tanki ya bushe ka koma bokiti, za ka tuna da ni."

Na Hajiya muka fara zaɓa. Shekarunta sun haura saba'in, gwiwoyinta sun daɗe suna ba ta wahala, salla ma a kujera take yi. A tsohon gidanmu na Gwale na tsuguno ne, kuma sai da ƙanwata ta faɗa min sannan na san cewa Hajiya kan rage cin tuwon dare don kada ta buƙaci shiga bayi, saboda idan ta tsuguna tashi sai ta dafa bango ta yi ta fama. Ba ta taɓa faɗa min ba. Ni ɗan fari ne, sunana ma ba ta kira, balle ta yi min zancen banɗaki. Da na gaya wa Alhaji haka sai ya yi shiru, ya shiga can ƙuryar shago da kansa ya jawo wani. Na zama da aka saba gani tsayinsa wajen inci 16 ne daga ƙasa. Wannan ya kai 18. Inci biyu a baki ba komai ba ne, amma ga mai ciwon gwiwa shi ne bambancin tashi da kanka da kiran jika ya kama ka. Mai faɗin maƙogwaro ne, mai fitar baya, ya haɗa min da lanƙwasasshen bututun roba da zai karkata da shi ƙasa ya shiga ramin nan na inci 8 ba tare da an fasa tayil ba. Ya ce kuma in sa a kafa mata ƙarfen dafawa a bango, a daidai inda hannunta na dama zai kai, kada a ɗaure shi a filasta kawai, a nutsa shi cikin bulo.

Na tsakar gida bai ma bari na yi dogon tunani ba. Na tsuguno, mai lanƙwasar ruwa a ƙasa, mai wurin taka ƙafa da aka yi wa zane-zane don kada santsi ya ɗebi mutum. Na ce Alhaji sabon gida guda, a ce baƙo ya shigo ya ga na tsuguno? Ya yi dariya ya ce, "Baƙin naka daga ina suke zuwa?" Gaskiya ce. Danginmu daga wajen Bichi da Ɗambatta suke zuwa, wani asibiti ya kawo shi ya kwana uku, wani biki. Na taɓa shiga banɗakin wani gidan biki na tarar da sawun silifa biyu ɓaro-ɓaro a kan bakin masai na zama. Mutumin bai yi don mugunta ba, bai yarda ya ɗora jikinsa inda wani ya ɗora ba, sai ya hau ya tsuguna. Abin dariya ne har sai ranar da tangaran ɗin ya dare a ƙarƙashin mutum, don idan ya fashe kaifinsa na wuƙa ne. Ga yara kuma, waɗanda ba wanda zai tsaya a kansu. Na tsuguno ba shi da tanki balle ya lalace, ba shi da murfi balle a karya, rabin bokiti ya kore shi, ka sa tsintsiya da omo ka wanke ɗakin gaba ɗaya ruwan ya gangara ciki. Ga mai buta kuma ya fi sauƙin tsarki, ba ka fargabar fantsali a tufafin da za ka yi salla da su. Kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na na Hajiya ba.

Abu ɗaya ya ja min kunne a kai: akwai na tsuguno da ake sayarwa ba lanƙwasa, rami ne kawai ya zarce. Ya fi arha, kuma shi ne ake sakawa a gidajen haya da yawa. Wanda ya saka shi a cikin gida ya gayyato warin sokawe har ɗakin kwanansa.

Wajen saka na tsakar gidan ne muka ɗan yi muhawara da mai aikin famfo a kan alƙibla. Yadda bututun yake, mai tsuguno zai fuskanci gabas sak. Na san malamanmu na Malikiyya sun sassauta idan a cikin gini ne, hanin ya fi ƙarfi a fili. Amma Hajiya ta leƙo ta gani ta ce ita dai a gidan da take ba za a yi haka ba. Aka juya shi ya kalli kudu, aka ƙara gwiwar bututu ɗaya da rabin yini na aiki. Wanda bai zuba daɓe ba tukuna, ya yi wannan shawarar da birkila tun yanzu, ya fi arha.

Saura namu, kuma a nan ne na ƙi jin magana. Da farko ma irin wanda ake maƙalawa a bango nake so, wanda tankinsa ke ɓoye a cikin gini ba ka ganin komai sai maɓalli, na gan shi a wani otal a Abuja ya burge ni. Alhaji ya ce yana da shi, amma in tambayi kaina wa zai gyara. Ruwan burtsatse yana zuwa da yashi, yashin nan shi ke cin robar da ke tare ruwa a tanki, kuma ba kowane mai aikin famfo ne ya iya zura hannu ta ramin maɓalli ya canza ta ba, wani guduma zai ɗauko. Ga shi yana buƙatar firam na ƙarfe da ƙarin gini a gabansa, banɗakin kuma ba wani girma gare shi ba. Na haƙura da wannan. Amma da na zo da uwargida a zuwa na uku, idonta ya faɗa kan wani dogo mai sulɓi, tanki da mazauni a haɗe ba gaɓa, murfinsa na sauka a hankali ba ƙara. Mai zuƙewa ne, ɗan gatan nan. Ta ce, "Abban yara, wannan ko babu." Alhaji ya dube ni, na kau da kai. Ya ce, "Uwargida ta zaɓa, Allah ya sa albarka," ya rubuta a takarda.

Wata goma sha huɗu ke nan da tarewarmu, ga abin da na gani.

Na Hajiya bai taɓa toshewa ba. Ƙararsa da yawa idan an kora, da asuba har ɗakina nake ji, kuma da yake ruwan cikinsa kaɗan ne sai an riƙa bin sa da buroshi. Ban damu ba. Na tsakar gida yara shida da baƙi sun yi masa duk abin da za su iya, har cokali na taɓa cirowa, yana nan garau. Namu kuwa wata bakwai na farko lafiya lau, har ina tsokanar Alhaji a zuci. Da bazara ta zo burtsatse ta ja baya, ga wuta ba ta zama, muka koma bokiti. A nan na gane nufinsa. Mai zuƙewa ba ya motsi da rabin bokiti. Sai ka cika shi fal ka juye a lokaci ɗaya daga sama, in ka zuba a hankali ruwan ya taso ya tsaya yana kallonka, sannan ya sauka ba tare da ya tafi da komai ba. Sau biyu yana toshewa, na biyun ƙaramar 'yarmu ce ta jefa pampas. Mai aikin famfo ya yi ta zura waya ta ƙi wucewa saboda ƙuncin lanƙwasar, ƙarshe sai da aka cire masan ɗungurungum aka kifa shi a tsakar gida. Ranar uwargida ba ta ce uffan ba, ni ma ban ce ba. Da dare dai na ga ta ɗauki buta ta nufi na tsakar gida.

Ba na ce mai zuƙewa ba shi da kyau ba. Wanda yake da sola a kan burtsatsensa, tankinsa ba ya sauka, yaransa sun girma, zai ji daɗinsa, don tsabtarsa da shirunsa ba a magana. Gidana ne bai kai nan ba. Wani abin da na koya kuma, ni da na saba da tsuguno tun ƙuruciya sai na ga a zaune abin ba ya zuwa da sauƙi kamar da. Wani likita abokina ya ce in sa 'yar kujera ƙarƙashin ƙafafuna yadda gwiwa za ta ɗara ƙugu tsayi, don a haka hanyar ta fi miƙewa. Kujerar tsakar gida ta mata na ɗauko, irin ta zaman wanke-wanke, ta kuwa yi aiki.

Shagon kansa, in za a tambaye ni, zan sake komawa, kuma na riga na tura mutum biyu. Samun ɗan kasuwar da zai mai da kai gida da kuɗinka don kada ka yi asara ba kullum ba ne. Ya koya min in ƙwanƙwasa tangaran da zobe ko makulli, mai lafiya yana amsawa da ƙara kamar kwano, mai tsagewar ɓoye kuwa muryarsa a dushe take. Ya sa na zura hannu cikin maƙogwaron na ji ko sulɓin ya kai har ciki, don masu arha baki kawai ake shafewa, cikin ya zama kamar bulo, ƙazanta ta riƙa maƙalewa. Da na tambayi sunan kamfani, don kowa a Kano Twyford ya sani, sai ya ce kada tambari ya ruɗe ni, in duba nauyi da sulɓi da kayan cikin tanki, kuma in tabbata irin kayan tankin ana samun su a kasuwa idan sun lalace.

Amma ba zan rufe aibinsa ba. Farashinsa ba ya sauka, na yi ciniki har na gaji, abin da ya rage min bai taka kara ya karya ba, kuma daga baya na ga irin na tsakar gidan a Sabon Gari ƙasa da yadda na saya. Ba ya kai kaya gida, kai za ka nemi mai kurkura ka yi jinga, kuma da an fita daga bakin shago abin da ya fashe naka ne. Rasit ɗinsa 'yar takarda ce da biro, ba maganar garanti. 'Yar shawar tsarki da yaronsa ya cusa min guda biyu, ya rantse masu kyau ne, ɗaya ta fara yoyo a wata na uku, ɗayar kuma idan tanki ya yi ƙasa ruwan da take fitarwa bai kai na buta ba. Hajiya ma tun ranar farko ta ce a cire mata wannan igiyar, butarta ta ishe ta.

Sai murfin na Hajiya, wanda ya zo da kunne ɗaya a tsage. A ranar da aka buɗe kwalin na kira, Alhaji ya ce ba komai, in zo a canza min. Na je, yaron ya duba ya ce irin wannan tsayin murfinsa daban ne, ya ƙare, amma kaya na hanya daga Legas. Na koma bayan sallar layya, kaya na hanya. Na koma da azumi ya kusa, Alhaji ya tafi umara, yaron ya ce in bari ya dawo. Yanzu dai da wayar ƙarfe na ɗaure kunnen, yana riƙe. Tef ɗin awonsa ma yana nan a durowata, na ce ranar da murfi ya iso sai mu yi musaya.